Birni, Gari, Ƙasa ko Polis: Wace Za Ka Ɗauka In Kana Rubutu Kan Tsohuwar Girka?

Malamin da ke shirya darasi kan tsohuwar Girka, da ɗan jaridar da aka ce ya haɗa shiri kan asalin dimokuraɗiyya, da ɗalibin da ke fassara wani yanki na littafin falsafa, duk a wuri ɗaya alƙalaminsu yake cijewa: kalmar polis. Wani ya rubuta birni, wani gari, wani ya ce ai ƙasa ce sukutum, wani ya jero kalmomi biyar don gudun kuskure, wani kuma ya bar ta yadda ya tsince ta. Ni duk na gwada su, kuma babu wadda ba ta taɓa kunyata ni ba. Mafi muni ita ce ranar da na kira mutumin polis da ɗan birni a gaban aji, dariya ta hana ni ƙarasa jimlar.

Ba a ciniki sai an ga kaya, don haka bari mu fara da kalmar kanta.

Daga tudu zuwa jama'a

Ma'anarta ta fari ba ruwanta da mulki. Tudu ne da aka kewaye da katanga, inda mutane ke gudu su fake idan mahara suka taso. A waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, akan same ta da tsohuwar siga, ptolis. Tana da 'yan'uwa a nesa: a harshen Sanskrit na Indiya akwai pur, wato kagara, wadda ita ce wutsiyar sunayen Jaifur da Singafura, a harshen Lituwaniya kuma pilis na nufin gidan tsaro mai katanga. Masanin tarihi Tukididis, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce har a zamaninsa mutanen Atina polis kawai suke kiran dutsen da ke tsakiyar garinsu, wanda muka sani da Akrofolis, saboda a nan aka fara zama. Bakano ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san abin da Dala take ga Kano.

Daga tudun sai kalmar ta gangaro ta rufe gidajen da ke gindinsa, ta haɗa da gonakin da ke ciyar da su. Daga nan kuma ta yi tsallen da ya jawo mana wannan wahala: ta bar gini ta koma kan mutane. A Direros, wani ƙaramin gari a tsibirin Kirit, an tono dutse mai rubutun doka na wajen shekara ta 650 kafin Miladiyya. Dokar ta ce polis ta yanke cewa duk wanda ya riƙe babban muƙamin garin ba zai sake riƙe shi ba sai bayan shekara 10. Katanga ba ta yanke hukunci. Wanda ya yi magana a kan dutsen nan taron mutane ne.

A shekara ta 480 kafin Miladiyya, da Farisawa suka ci Atina bayan mutanenta sun kwashe, wani kwamandan Korinti ya yi wa Temistokilis, jagoran Atinawa, gori a taron yaƙi, wai mutumin da ba shi da polis ba shi da ta cewa. Masanin tarihi Hirodotus ya ruwaito amsar: muddin Atinawa na da jiragen ruwa 200 cike da mayaƙa, suna da polis da ta fi ta Korintiyawa. A 413 kuma, da rundunar Atina ta karye a Sisili, jagoranta Nikiyas ya ce wa sojojinsa mutane su ne polis, ba ganuwa ko jiragen da babu kowa a ciki ba.

Girkawa suna da wata kalmar, asti, idan gine-gine da tituna kawai suke nufi, da kuma kora don karkara. Polis ita ce ta haɗiye duka, sannan ta haifi 'ya'ya: polites, mai haƙƙin shiga sha'anin polis, politeya, tsarin da ake tafiyar da ita a kai, politika, al'amuranta, wadda daga ita Turawa suka samo kalmarsu ta siyasa. Wata cibiyar bincike a Kofanhagan ƙarƙashin Mogens Hansen ta fitar da ƙidaya a 2004, inda ta lissafa 1,035 daga cikinsu, tun daga gaɓar Sifen har Bahar Aswad.

Ma'auni huɗu

Tsada. A nan kuɗin ba naira ba ne, fili ne da lokaci. Kalmomi nawa za ka kashe duk sanda ta fito, kuma bayani nawa za ka biya kafin mai karatu ya bi ka?

Ƙarko. Kalmar ta yi aiki fiye da shekara dubu, daga Homa zuwa zamanin Rumawa. Shin zaɓinka zai kai ka ƙarshen littafin, ko zai yage a babi na uku? Kuma zai iya haifar maka da polites da politeya?

Sauƙi. Mai sauraron rediyo a Maraɗi ko Gusau zai gane a ji na farko?

Haɗari. Wannan ya fi sauran nauyi a wurina. Kalmar da ba a gane ba takan sa mutum ya yi tambaya. Wadda aka gane a karkace kuwa ba mai tambaya, sai a tafi da ita a haka.

Birni

Ita ce ta fi kowace zama daidai da tarihin kalmar. Birni gari ne mai ganuwa, kuma har yau a Kano ko Zariya idan aka ce cikin birni, abin da ke cikin ganuwa ake nufi, Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada suna waje. Birnin Hausa na dā ma ba gidaje kawai ba ne. Cibiyar ƙasa ce mai ƙauyuka da gonaki, mai kasuwa da fada, mai yaƙi da maƙwabtan da suke harshe ɗaya da ita. Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa kamar yadda Atina da Tibis suka yi. Ba kwatancen son kai ba ne: da cibiyar Kofanhagan ta tattara al'ummomi 30 na duniya da suka yi irin wannan tsari, ƙasar Hausa na cikinsu.

Tsadarta kusan babu, sauƙinta ba a magana, tana da jam'i mai daɗi, birane.

Inda take yagewa wuri uku ne. Na farko, ganuwa. Sifarta, wadda ba a tarihin Girka ba tare da ita ba, ba ta da ganuwa a zamanin ƙarfinta. Ƙauyuka huɗu ne a gefen kogi, da na biyar, Amikilai, can gaba kaɗan. Ka kira wannan birni, Bahaushe zai zana abin da babu shi a ransa.

Na biyu, sarki. Birni a kunnenmu yana tafe da fada. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ana kuma danganta masa majalisar Tara ta Kano. Majalisa ce ta manyan masu sarauta, talaka ba ya cikinta. A Atina ta ƙarni na 4 kafin Miladiyya kuwa, taron jama'a na zama sau 40 a shekara a kan tudun Finikis, wasu hukunce-hukuncen ba sa tabbata sai mutum 6,000 sun halarta, kuma 'yan majalisar 500 da ƙuri'ar sa'a ake fitar da su. Ka ce birni ya yanke hukunci, mai karatu zai tambaya wane sarki.

Na uku shi ne wanda ya ba ni kunya. Ɗan birni a Hausa ba mai haƙƙin jefa ƙuri'a ba ne, wanda zai sayar maka da rigarka ne ka yi masa godiya. Birni ba ta iya haifar da polites, ke nan rabin littafin masanin falsafa Aristotal kan siyasa ya fi ƙarfinta.

Gari

Mutane kan raina ta, ni kuwa ina ganin ta fi birni kusa da ran kalmar. Gari a bakinmu ba gini ba ne kawai. Mukan ce gari ya ɗauka, gari ya yi zafi, mutanen gari sun ƙi. Ɗan gari kuma mutum ne mai tushe da ta cewa, shi ya sa aka ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan ya kama hanyar polites, musamman idan aka tuna cewa Atina ta bambanta ɗan gari da baƙon da ya zauna. Aristotal kansa, mutumin Istagira, ya shafe shekaru da yawa a Atina ba tare da ikon jefa ƙuri'a ko mallakar fili ba.

Ta kuma dace da girman yawancinsu. Tsibirin Keyos, wanda mai ƙarfin tafiya zai ratsa a yini guda, polis huɗu ne a kansa. A ƙarni na 2 Miladiyya matafiyi Fausaniyas ya isa Fanofiyus ya tsaya yana mamakin ko ta cancanci sunan, tunda ba ofishin hukuma, ba kasuwa, ba dandalin wasa, ba ruwan famfo, amma ga iyaka da maƙwabta, ga wakilai da take turawa taron yanki.

Rauninta shi ne ba ta da ƙarfin iko. Gari na da mai gari, mai gari na ƙarƙashin hakimi, hakimi na ƙarƙashin sarki. Garin da ke buga kuɗinsa, ya ƙulla yarjejeniya, ya tura jirage 200 yaƙi, ya wuce abin da kalmar za ta ɗauka. Ka rubuta garin Atina ya yaƙi garin Sifarta shekara 27, sai a ji kamar rikicin iyakar gona.

Ƙasa

Idan iko kake nema, ga shi nan. Ita kaɗai ce ke ba ka iyalin gaba ɗaya ba tare da ƙirƙira ba: ɗan ƙasa, tsarin mulkin ƙasa, dokar ƙasa, cin amanar ƙasa. Almajiran Aristotal sun tattara tsarin mulkin polis 158, na Atina ne kawai ya iso mana kusan cikakke, a kan takardar da aka samo a Masar aka buga a 1891. Wanda zai fassara irin wannan rubutu ba shi da abin da ya fi ƙasa. A tsohuwar Hausa ma ta zauna daidai: ƙasar Kano, ƙasar Katsina. Mu ma muna da Zazzau da Zariya, ƙasa da birninta, kamar yadda suke da Lakedaimon da Sifarta.

Haɗarin shi ne mai karatun yau ya riga ya cika kalmar da tuta da fasfo da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Atika, yankin Atina duka, murabba'in kilomita kusan 2,500 ne, bai kai jihar Legas ba, kuma shi ma ƙato ne a cikinsu. Sannan da zarar ka ce ƙasar Atina, wani zai gyara maka cewa ai Atina babban birnin ƙasar Girka ne. Sai ka biya da bayani cewa a wancan zamani Girka harshe ce da addini da wasannin Olimfiya, ba gwamnati ɗaya ba. Akwai kuma wani abu mai zurfi: ƙasa a Hausa daga turɓaya ta fara, alhali amsar Temistokilis cewa take yi ko an rasa turɓayar, polis na nan.

Ƙannenta ba sai an daɗe a kansu ba. Daula ta yi girma da yawa, a bar wa Iskandar da Rumawa. Masarauta na bukatar sarki, Atina ba ta da mai mulki irin wannan, Sifarta kuwa biyu gare ta a lokaci guda. Kalmar jamhuriya ba ta aiki a Korinti ta zamanin Feriyanda da Sirakus ta zamanin Diyonisiyus, inda mutum ɗaya ya riƙe komai. Jiha kuwa gwamna za ta kawo maka.

Birni mai cin gashin kansa

Wannan bayani ne aka sa masa rigar suna. Turawa ma sai a ƙarni na 19 suka manna kalmar birni da ta ƙasa suka yi tasu, Girkawa ba su san ta ba. Tamu ta fi tasu faɗin abin da ake nufi, kuma kowa zai gane. Amma kalma biyar ce. A shafin da polis ta fito sau goma sha biyu, ka kashe kalma sittin, mai karatu kuma ya gaji tun a ta huɗu. Masu gajarta ta zuwa birni-ƙasa sun ɗauko ginin da ba na Hausa ba, birnin ƙasa kuwa Abuja ko Yamai zai kawo a rai.

Akwai kuma ƙarya a cikinta da ba a lura da ita. Da yawa ba su ci gashin kansu ba. Ƙawancen da aka ƙulla a 478 kafin Miladiyya don yaƙar Farisa ya rikiɗe ya zama hanyar da Atina ke karɓar haraji daga ɗaruruwan garuruwa, kuma ba wanda ya daina kiransu polis. Haka garuruwan da ke kewaye da Sifarta suna bin ta yaƙi dole. Bayan Filibus na Makidoniya ya yi nasara a Kaironiya a 338, sannan Rumawa suka zo, sunan ya ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru a kan wuraren da ke ƙarƙashin wani.

A bar ta polis

Ba ta ƙarya, tunda ba ta ce komai ba. Ƙarkonta ya fi na kowa, daga Homa har ƙarshe ba za ta yage ba. Kuɗinta a farko ake biya, sakin layi ɗaya ko biyu na bayani, daga nan sai tafiya.

Matsalarta kunne ne. A Damagaram ko Tawa ka ce polis, ɗan sanda aka ji, a Najeriya ma haka. Abin dariyar shi ne ba kuskure ba ne gaba ɗaya: politeya ce ta shiga Latin, ta bi ta Faransanci ta fito da sunan 'yan sanda. Jika ne ya ƙwace sunan kaka. A takarda ana iya jurewa, a rediyo kuwa ka ce Aristotal ya ce mutum ba ya cika sai a cikin polis, ka ga abin da za a aiko maka. Ba ta da jam'i a Hausa, kuma ba ta karɓar ɗafi cikin daɗi.

Malaman Larabci sun fuskanci wannan zaɓi tun tuni, suka ɗauki madina. Da ita Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi aiki, da ita kuma maganar Aristotal ta iso zaurukanmu ta hannun Ibn Khaldun, cewa mutum madani ne, wato mutumin madina, bisa ɗabi'a. Mu wannan ƙofa a rufe take, Madina a Hausa guda ɗaya ce.

Dabarar da ba ta cin ko sisi

Sau da yawa ba ka bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Girkawa ba su cika cewa Atina ta yi kaza ba, cewa suke Atinawa sun yi. Yarjejeniya da sunan mutanen ake ƙulla ta, kuɗi da sunansu ake buga shi. Hausa na da wannan a shirye: Kanawa, Gobirawa, Zazzagawa, don haka Atinawa, Sifartawa, Korintiyawa. Duk inda polis ke aikata wani abu, yaƙi ko sulhu ko doka, sa mutanen, jimlar za ta miƙe. Sai dai ka faɗa sau ɗaya cewa Atinawan da ke yanke hukunci maza ne baligai 'yantattu, ban da mata da bayi da baƙi, kuma daga 451 kafin Miladiyya dokar Ferikilis ta ce sai wanda uwa da uba duk 'yan gari ne.

| Zaɓi | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Birni | Kaɗan | Matsakaici | Sosai | Ganuwa, sarki, ɗan birni |
| Gari | Kaɗan | Rauni a kan manya | Sosai | Ana jin ba shi da iko |
| Ƙasa | Bayani a farko | Mai kyau a siyasa | Sosai | Ana auna ta da ƙasashen yau |
| Birni mai cin gashin kansa | Mai yawa | Yana yagewa bayan 338 | Mai kyau | 'Yancin da sau da yawa babu |
| Polis | Sakin layi biyu | Ya fi kowa | Kaɗan | Ɗan sanda |
| Atinawa da makamantansu | Babu | Sai inda ake aiki | Sosai | Ana zaton kowa na ciki |

Wa ya kamata ya ɗauki me

Malamin sakandare da mai rubuta labarin tarihi: birni, tare da Atinawa da Sifartawa duk inda ake aikata wani abu. Ka ce birni mai cin gashin kansa sau ɗaya a farko, ka kawo Kano da Katsina, ka faɗi inda kwatancen ya tsaya, wato a ƙofar fada. Polites kuma ɗan ƙasa, kada ka kuskura ka bi birni zuwa ɗansa.

Mai shirin rediyo: birni da ƙasa, gwargwadon jimla. Polis sau ɗaya tak, kuma a wurin da za ka ba da labarin dangantakarta da 'yan sanda, don masu sauraro za su so shi.

Mai fassara Aflatun ko Aristotal: a nan ni polis nake bari, domin gardamar littafin ita ce mece ce polis. Idan Aristotal ya ce gidaje ke haɗuwa su zama ƙauye, ƙauyuka su zama polis, kuma ana kafa ta don a rayu amma tana ɗorewa don a yi rayuwa mai kyau, duk kalmar Hausa da ka sa ta riga ta amsa tambayar kafin ya yi ta. Idan mai buga littafin ya ƙi, ɗauki ƙasa.

Mai aiki a kan dokoki da tsarin mulki: ƙasa, ba tare da waiwaye ba.

Mai fassara waƙoƙin Homa: birni, a wasu wuraren ma ganuwa ko kagara, don Taroya, garin da mayaƙa suka yi wa ƙawanya a waƙoƙin, katanga ce da ƙofofi.

Mai aiki a kan rubutun zamanin Rumawa ko Girkancin yau: birni ko gari kawai, gwargwadon girman wurin. A lokacin nan kalmar ta sauke kayan mulki, har Nazarat polis aka kira ta a Linjilar Luka. Haka ta maƙale a sunayen wurare: Nablus daga Neyafolis, sabon birni, da Tarabulus ta Libiya, wadda fatakenta suka riƙa zuwa Kano, daga Tirifolis, birane uku.